DALLA-DALLA: Yadda ake cire ɗigon kyandir daga daɓen siminti, da abin da ya sa fetur da ruwan batir ba magani ba ne

A ranar 21 ga Oktoba, 2024, manyan layukan wutar lantarki da suka taso daga Ugwuaji a Jihar Enugu zuwa Apir a Jihar Binuwai suka samu matsala. Kafin wannan rana an riga an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, wanda yake babbar hanyar da wuta ke bi ta shigo Arewa. Sakamakon haka yawancin jihohin yankin suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu, sai a ƙarshen watan Kamfanin Dakon Wutar Lantarki na Ƙasa, TCN, ya sanar da gyara ɗaya daga cikin layukan.

A kwanakin farko fitilu masu caji da tocilan waya sun riƙe gidaje. Da caji ya ƙare, sai gidaje da yawa da ɗakunan ɗalibai suka koma ga kyandir, kuma suka kafa shi yadda aka saba: a ɗiga narkakkensa a ƙasa, a dasa gindinsa a kai, a bar shi ya ci har ya ƙare. Wuta ta dawo daga baya, amma shaidar waɗannan darare ta zauna a dandamali, a bakin taga, a matakalar bene da tsakar ɗaki: wani farin tudu mai santsi, a ƙarƙashinsa kuma baƙin tabo mai kama da na maiƙo wanda wanki ba ya fitarwa.

Matsalar ba ta kwana goma ba ce kaɗai. A shekarar 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar gwamnati, waɗanda ke da ita kuma sun san yadda take zuwa ta koma. Muddin haka ne, kyandir zai ci gaba da ɗiga a kan siminti.

Me ya sa tabon ya cancanci kulawa?

Kakin kyandir ba ya cin siminti, ba ya rage masa ƙarfi. Hasali ma injiniyoyi kan fesa wani ruwa mai haɗe da kaki a kan sabon daɓe domin ya riƙe danshi ya yi ƙwari. Illar tana wani wajen. Na farko, wurin yakan yi santsi, musamman a matakala ko banɗaki idan ya jiƙe. Na biyu, fenti da simintin manna tayil ba sa kama inda kaki ya shiga, don haka wanda ya shafa fenti a kan tabon zai ga yana ɓarewa bayan 'yan makonni. Na uku, ɗan haya kan rasa wani ɓangare na kuɗin ajiyar da wasu masu gidaje ke karɓa saboda ɓarna, a kan abin da za a iya gyarawa da kayan da ke cikin gida.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne hanyoyin da ake bi wajen gyaran. Wasu kan zuba fetur, wasu ruwan batir, wasu kuma su haska wa wurin wuta. Tabon kyandir bai taɓa kashe kowa ba, amma tururin fetur a rufaffen ɗaki yana kisa. Garin neman gira ake rasa ido.

Da me ake yin kyandir?

Yawancin kyandir ɗin da ake sayarwa a shaguna ana yin sa ne da kakin farafin, wanda ake samu wajen tace ɗanyen mai. Wani masanin sinadarai Bajamushe, Karl von Reichenbach, shi ya fara ware shi a 1830, ya kuma ba shi suna daga kalmomin Latin biyu masu nufin abin da ba ya cika haɗuwa da wasu sinadarai. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, tana da sashen da aka gina domin samar da man juye da kwalta da irin wannan kaki, ko da yake ta shafe shekaru ba ta aiki yadda ya kamata.

Halaye uku na farafin su ne ke bayyana duk abin da zai biyo baya. Ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa wanki kaɗai ba ya taɓa shi. Ba ruwansa da asid ko kanwa, domin ba sa canza shi zuwa wani abu. Zafi kuwa yana narkar da shi cikin sauƙi, tsakanin digiri 46 zuwa 68 a ma'aunin Selshiyos, gwargwadon irinsa; sanyi kuma yana mai da shi mai gautsi, ya riƙa karyewa kamar alawa. Kakin zuma, wanda ake yin wasu kyandirori masu tsada da shi, yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, kuma ya fi farafin danƙo, saboda haka ya fi wuyar kankarewa.

Kyandir mai launi ko mai ƙamshi yana da ƙarin rini da mai a cikinsa. Waɗannan ne kan riga kakin nutsewa cikin daɓe, su bar ja ko shuɗin tabo bayan an cire komai.

Me ya sa siminti ke shan sa?

Daɓen siminti a ido abu ne dunƙulalle, amma cike yake da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Idan aka kwaɓa siminti da yashi da ruwa, wani kaso na ruwan ne kawai ke shiga aikin daskarar da shi. Ragowar yakan bushe ya fita, ya bar siraran hanyoyi a inda ya bi. Gwargwadon yawan ruwan da magini ya zuba da ƙarancin simintin da ya sa, gwargwadon yawan ƙofofin. Shi ya sa daɓen da aka yi wa ƙwauron siminti ya fi shan tabo.

Narkakken kaki ruwa ne mai tsinkewa. Da zarar ya sauka, ƙofofin nan sukan zuƙe shi kamar yadda lagwani ke zuƙar kananzir, har sai sanyin daɓen ya daskarar da shi. Don haka kowane tabo hawa biyu ne: tudun da ke sama, wanda hannu ke iya kamawa, da wanda ya shige ciki, wanda sai an jawo shi. Duk kuskuren da ake yi ya samo asali ne daga haɗa su a magance lokaci guda. Wanda ya sa zafi tun kafin ya kankare tudun, ya narkar da shi ne ya tura shi cikin daɓen da kansa.

Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa ɗigon da ke tsakar gida ba a barin sa ya kwana biyu a lokacin bazara. Daɓen da rana ke duka a watan Afrilu yakan fi iskar wurin zafi nesa ba kusa ba, har ya kai ga tausasa kakin. Kullum rana ta take, sai ya ƙara nutsewa.

Mataki na farko: a bari ya daskare, a kankare

Idan kyandir ya zube yana narke, kada a goge shi da tsumma, domin gogewa baza shi take yi. A bar shi ya sandare. Idan akwai ƙanƙara, ko da fiya wata ce da ta daskare, a ɗora ta a kai na minti biyar zuwa goma, cikin leda don kada wurin ya jiƙe. Inda babu ƙanƙara, a yi aikin da sassafe lokacin da ƙasa ke da sanyi. Safiyar hunturu ta fi kowane lokaci dacewa.

Sannan a kankare da abu mai faɗin baki: tsohon katin banki, guntun roba mai ƙarfi, ko faffaɗan ƙarfen nan da masu fenti ke kankare bango da shi. A kwantar da bakinsa kusa da ƙasa, a riƙa turawa daga gefen tabon zuwa tsakiya. Sara da tsinin wuƙa ko ƙusa yana barin zane a daɓe wanda ya fi tabon muni, kuma ba ya gyaruwa. A share ɓarɓashin nan take, domin idan aka taka shi zai manne a wani wurin. Inda daɓen ke da kaushi, busasshen buroshi mai tauri zai fitar da abin da ya maƙale a ramuka.

Yawan abin da aka cire a wannan mataki shi ke rage wahalar na gaba.

Mataki na biyu: zafi da takarda

Abin da ya shige ciki sai an narkar da shi, an kuma tanadar masa abin da ya fi siminti zuƙa. A shimfiɗa takarda mai kauri marar rubutu, irin ruwan ƙasan nan da ake naɗe kaya da ita, ko farin tsumman auduga, ninki biyu ko uku. Jarida ba ta dace ba saboda tawadarta kan sauka a daɓe. Yadin roba da leda kuma narkewa suke yi.

A ɗora dutsen guga mai matsakaicin zafi a kai, ba tare da tururi ba, a riƙa motsa shi a hankali. Cikin ɗan lokaci takardar za ta yi duhu kamar an zuba mata mai. A matsar da ita zuwa inda bai ɓaci ba, a sake. Haka za a yi ta yi har takardar ta daina nuna alama. Siminti yana shanye zafi, don haka aikin ya fi na tufafi jinkiri, amma ƙara wa dutsen wuta ba ya gaggauta shi, sai dai ya tsinka kakin ya ƙara tura shi ƙasa.

Inda babu wutar lantarki, akwai hanyar da ta fi dutsen guga na gawayi aminci. A tafasa ruwa a tukunya mai shimfiɗaɗɗen gindi, a sauke, a goge baƙin gindin, a ɗora ta a kan takardar. Tafasasshen ruwa yana kan digiri 100, ya zarce abin da kaki ke buƙata, kuma babu garwashin da zai faɗo. Wannan na da muhimmanci, domin takardar da ta sha kaki ta zama lagwani, ƙyastu ɗaya ya ishe ta. A tattara irin waɗannan takardu a fitar da su daga ɗaki, nesa da murhu, a kuma hana yara zuwa kusa da tukunyar.

Mataki na uku: wanki

Bayan an zuƙe kakin, a wanke wurin da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke ko omo, a dirje da buroshi. Sabulu ba ya narkar da farafin, amma yana ɗauke ɗan maiƙon da zafi ya sassauta. A tsane ruwan da tsumma tun yana da ɗumi. Idan aka bar shi ya huce a wurin, kakin da ya taso zai sake kwanciya a faɗi. Kada kuma a tura shi magudana ko bututun banɗaki, domin can zai daskare ya tara datti.

A bar wurin ya bushe sarai, ko da zai kai kwana guda, kafin a yanke hukunci. Jiƙaƙƙen siminti duk duhu yake yi. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗiga ruwa kaɗan. Idan daɓen ya shanye shi ya yi duhu kamar sauran wurin, kaki ya fita. Idan ruwan ya dunƙule ya tsaya kamar ƙwallo, akwai saura, sai a koma mataki na biyu. Duk mai niyyar yin fenti ko manna tayil ya kamata ya yi wannan gwaji tukuna.

Idan tabon ya ƙi fita

Tsohon tabo, ko na kyandir mai launi, yakan buƙaci kwaɓi. A samu farin gari mai zuƙa, kamar dakakken alli ko farar ƙasa, a kwaɓa shi da farin sinadarin nan da masu fenti ke tsinka fentin mai da shi, har ya yi kaurin kwaɓin fulawa. A shafa a kan tabon da kaurin da ya kai rabin santimita zuwa ɗaya, ya ɗan zarce gefensa. A rufe da leda na kwana guda, sannan a buɗe a bar shi ya bushe da kansa, a share.

Yadda yake aiki shi ne, sinadarin yakan shiga ƙofofin ya narkar da kakin, sa'annan yayin da kwaɓin ke bushewa daga sama sai ya jawo narkakken zuwa cikin garin. Da za a zuba sinadarin shi kaɗai, da zai narkar da kakin ya ƙara nutsa da shi. Garin shi ne ke juya akalar tafiyar. Wani tabon sai an maimaita sau biyu ko uku.

Shi ma wannan sinadari yana kama wuta, kuma warinsa na sa ciwon kai. A buɗe ƙofa da tagogi, a kashe duk wata wuta da maganin sauro na kunnawa, a sa safar hannu, kada kuma a kwana a ɗakin. Idan ɗaki ɗaya ne iyali ke ciki, barin ɗan tabo ya fi wannan mataki. Launin da ya saura a tsakar gida kuwa rana kan kodar da shi a hankali.

Abubuwan da ba a yi

Fetur yana narkar da kaki, shi ya sa ake ruɗuwa da shi. Amma yana fitar da tururi mai kama wuta ko da a tsananin sanyi, kuma tururin ya fi iska nauyi, don haka yakan kwanta ya bi ƙasa har ya tarar da risho ko garwashi a wani ɗakin. Ko kunna makunnin lantarki na iya tayar da shi. Kananzir bai kai fetur saurin kamawa ba, sai dai yana barin nasa tabon maiƙo da wari mai daɗewa, ga kuma haɗarin wanda aka gauraya da fetur, abin da ya sha haddasa fashewar fitilu da risho a Najeriya.

Ruwan batir da asid ɗin wanke tayil ba sa taɓa farafin ko kaɗan. Siminti suke ci, domin shi sinadarinsa na ɓangaren kanwa ne. Sakamakon shi ne daɓe ya zaizaye a kewayen tabon, tabon kuma yana nan daram. Idan aka haɗa asid da bilic kuwa, iskar kulorin ce ke tashi, wadda ke ƙona huhu. Bilic shi kaɗai yana iya rage launi, amma ba ya cire kaki.

Haska harshen wuta kai tsaye yana ƙona kakin ya bar baƙin hayaƙi a cikin ƙofofin, kuma zafi mai tsanani a wuri guda na iya sa danshin da ke cikin siminti ya fasa samansa ya fallatso. Kwara tafasasshen ruwa a kan tudun da ba a kankare ba yana mai da tabo mai faɗin tafin hannu ya zama mai faɗin faranti.

Daɓe iri-iri ne

Daɓen da aka yi wa fenti ya fi sauƙi, domin fentin ya toshe ƙofofin. Sanyi da katin roba sun isa, zafi mai yawa da sinadari kuma suna ɗaye fentin. Tarazo da daɓen da aka goge ya yi sheƙi ba sa son ƙarfe. Bulon intalok ya fi kowanne zuƙa, amma yana da rangwame: idan guda ɗaya ya ɓaci ƙwarai ana iya zare shi a sauya. Sabon daɓen da bai cika kwana 28 ba, wa'adin da injiniyoyi ke ƙirga ƙarfin siminti a kansa, a tsaya ga kankarewa a hankali har ya nuna. Ko wane iri ne, a fara gwada sinadari a lungun da ido ba ya kaiwa.

Kyandir a dandalin jama'a

Ba a gida kaɗai kaki ke zuba ba. A daren 16 ga Oktoba, 2020, matasa masu zanga-zangar EndSARS sun kunna kyandirori a Legas da Abuja da wasu birane domin tunawa da waɗanda suka rasa rayukansu a hannun 'yan sanda. Irin wannan taro yakan bar ɗaruruwan ɗigo a kan daɓen da na kowa ne, kuma wasu biranen duniya sun daɗe da sanin abin da ke biyo baya.

A Hong Kong, tun daga 1990 ake taruwa a dandalin Victoria duk ranar 4 ga Yuni domin tunawa da kisan Tiananmen na 1989, har zuwa 2020 da hukuma ta hana. An san taron da abu biyu: kofin takarda da ake zura kowane kyandir a ciki don ya tare ɗigo, da 'yan sa-kai da kan tsaya bayan an watse suna kankare kaki daga filin. A Sebiliya ta ƙasar Sifaniya, jerin gwanon makon Ista yakan bar tituna da santsi, har ma'aikatan tsaftar birnin su shafe kwanaki suna wankewa da injin feshin ruwan zafi, ana kuma gargaɗin masu babura. A Prague, bayan rasuwar tsohon shugaban ƙasa Václav Havel a Disambar 2011, an tattara ragowar kyandirorin da jama'a suka kunna, fiye da tan biyu, aka narkar aka gina siffar zuciya da su.

Darasin ga masu shirya irin wannan taro a bayyane yake. Santsin da aka bari a dandali ba jami'in da ake kuka da shi zai kayar ba. Mai shara ne da zai zo da asuba, ko tsohuwar da za ta wuce. Ƙazantar da aka bari kuma hujja ce a hannun duk hukumar da ke neman dalilin hana taro na gaba. Kofin takarda, kwali da za a shimfiɗa, tiren yashi da za a kafa kyandirori a ciki, da mutum goma da za su tsaya da abin kankara bayan an tashi, sun isa su toshe wannan ƙofa.

Rigakafi

A gida ma maganin bai wuce haka ba. Murfin gwangwani, tsohon faranti na ƙarfe ko kofin tangaran da aka zuba wa yashi yana tare ɗigo, yana kuma hana kyandir faɗuwa. A ajiye shi nesa da labule, katifa da gidan sauro, inda iska ba ta kaɗawa, domin iska ce ke sa ya ci gefe guda ya yi ta zuba. A kashe shi kafin barci. Al'adar ɗiga kaki a ƙasa a dasa kyandir a kai ita ce tushen yawancin tabon, kuma idan kyandir ɗin ya ci ya kai gindi, zafin harshensa yakan tura kakin cikin daɓe fiye da kowane ɗigo.

Gyaran layukan wuta da tsaron turakunsu aikin hukuma ne, kuma haƙƙin jama'a ne su ci gaba da tambayar ta. Kafin a kai ga nan, wanda ya tarar da ɗigon kyandir a daɓensa yana buƙatar katin roba, takarda, tukunyar ruwan zafi da haƙurin bin matakan ɗaya bayan ɗaya.